Sunan Ɗan Fari

Laraba, 5 ga Agusta 2015, bayan la'asar

Wai littafi. Mace da girmana, na koyar a firamare shekara goma sha shida, yau ni aka miƙa wa littafin rubutu mai shafi arba'in kamar 'yar aji uku, wai in riƙa rubuta abin da ke raina. To ga shi na rubuta: raina a ɓace yake.

Likitan da ke duba babban yarona saboda ciwon kai da rashin barci shi ya haɗa mu da wannan matar, Madam Hilda, 'yar Billiri, ofishinta na nan bayan Federal Low-Cost. Ya ce ciwon ba na allura ba ne, kuma iyalin gaba ɗaya za ta gani. Muka kwashi jiki a keke, ni da baban yara da Falmata da shi yaron. Ni duk a zatona za ta shiga da shi mu jira a waje. Ina! Kujeru biyar ta jera a zagaye, ko tebur babu a tsakani, uba da uwa da 'ya'ya gwiwa na neman taɓa gwiwa. A gidan wa aka taɓa yin haka?

Na ce wa Falmata, "Gaya wa yayanki ya ja kujerarsa baya." Sai matar nan ta ɗaga hannu tana wani murmushi. "Maman Falmata, doka ɗaya ce a ɗakin nan, ba a aike. Ga shi kusa da ke, ki faɗa masa da kanki."

Ni Rauda! Ɗan fari ne fa, kuma sunan surukina gare shi. Shekara ashirin da biyu ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama ina hira da shi ba. Haka uwata ta yi wa babban yayana Hamma Bamanga har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ta son shi. Na yi mata bayanin alkunya a hankali, yadda ake yi wa baƙo. Ta ce ta sani. In ta sani me ya kawo maganar?

Shi dai kansa na ƙasa har muka tashi.

Alhamis, 6 ga Agusta, da hantsi

Hamma Bamanga ya kira ni zaure. Gidansa ne nan Bagadaza, ɗaki biyu ya ba mu tun da muka baro Bama bara, ba zan ce bai yi zumunci ba. Amma ji abin da ya ce:

"Rauda, ni ban ce yaron nan ya yi wani abu ba. Amma wata bakwai yana can a hannun 'yan bindigar nan. Tun bam ɗin da ya tashi a kasuwa kafin sallah, ko masallaci na shiga sai an bi ni da ido."

Na ce, "Hamma, sojoji sun tantance shi, takardarsu na cikin akwatina."

Ya ce mutanen unguwa ba takarda suke karantawa ba. Ya riga ya yi magana da wani direba, Cornelius, mai ɗaukar wake daga kasuwar Tudun Hatsi zuwa Fatakwal. Asabar biyar ga watan gobe zai tafi da yaron, can akwai mai riƙe shi, ya zauna har ƙura ta lafa. Yaushe za ta lafa? Oho.

An gaya wa yaron. Ya ce, "To." Shi ke nan, to. Babansa kuma ya ƙara wa rediyo murya. Wannan mutumin da a Bama in ya yi gyaran murya layi guda ke shiru, yanzu sai ɗinkin hula a bakin rumfar wani da sauraron labarai.

Asabar, 8 ga Agusta, da safe

Matar maƙwabci ta janye 'ya'yanta daga bakin famfo da ta ga ya fito da bokiti. A gabana. Allah ya isa.

Laraba, 12 ga Agusta, bayan azahar

Mun koma. Ni ba don ita na je ba, don kar likita ya ce mun ƙi.

Yau kuma wai kowa ya faɗi abin da ya gaji da shi a gida. Baban yara ya ce shi alhamdu lillahi. Ni ma na ce alhamdu lillahi. Sai Falmata, yarinyar da na goya a bayana, ta buɗe baki ta ce, "Ni na gaji da zama waya. Dada ta ce in gaya wa Yaya, Baba ya ce in gaya wa Dada, Yaya ba ya cewa komai sai in ƙirƙiro amsa in kawo don kar ran Dada ya ɓaci."

Ƙirƙiro! Ashe duk "ya ce ya gode" da "ya ce ya ƙoshi" da nake ji wata huɗu, bakin Falmata ne. Na ji kunya, na kuma ji kamar in kwaɗe ta. Madam Hilda ko a jikinta, har da cewa ta yi ƙoƙari. Ta ba ta hutun sati guda, ba za ta kai saƙon kowa ba. Wato a gidana ma yanzu ita ke raba aiki.

Da za mu fito ta tambayi yaron ko shi yana son tafiyar nan ta Fatakwal. Ya ce, "Duk ɗaya ne." Ta ce, "Duk ɗaya ne a wajen wa?"

Juma'a, 14 ga Agusta, bayan azahar

Na zuba masa tuwo da miyar kuka, da man shanu, yadda yake so. Falmata ta naɗe hannu, wai tana hutu. Na kai kwanon ƙofar ɗakinsu na ajiye, na buga murfin sau biyu. Na yi tari. Na ce wa kajin Hamma su kauce daga abincin mutane, da ƙarfi yadda ko kurma zai ji. Bai fito ba. Har la'asar kwanon na nan, ƙuda na bi.

Wannan shi ne gyaran da aka ce za a yi mana? Da can ko ba komai yana cin abinci.

Lahadi, 16 ga Agusta, da magariba

Ya ci yau. Babansa ne ya miƙa masa. Na ji suna magana ƙasa-ƙasa kusan minti goma, ban san rabon da in ji haka ba. Ban ce aikinta ba ne.

Laraba, 19 ga Agusta

Ba zan sake taka ofishin nan ba. Wallahi ba zan sake ba.

Alhamis, 20 ga Agusta, bayan asuba

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Ta tambaye shi ne me yake so wani a ɗakin ya sani kafin ya tafi. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ranar da kuka fito daga Bama, Dada ta gan ni."

Babansa ya ce, "Wane irin ta gan ka? Kana can wajen kemis, mun neme ka."

Ya ce, "Ina bakin kwanar makaranta. Tana bayan motar. Ta gan ni."

Madam Hilda ta juyo gare ni. Kallona kawai take. Su duka kallona suke, har babansu. Na miƙe na ɗauki jakata. A ƙafa na dawo Bagadaza cikin ruwan sama, takalmina ɗaya ya tsinke a hanya.

Ɗan da na haifa ya tsayar da ni a gaban bare kamar a kotu. Ita kuma mai jera kujeru ta samu abin da take nema. Ta tone mana ciki ta koma gidanta ta ci abincinta, mu kuma mu kwana da shi. Wannan ba magani ba ne, tonon asiri ne.

Juma'a, 21 ga Agusta, da rana

Baban yara bai tambaye ni ba. Da ma ya tambaya in samu wanda zan yi wa faɗa.

Litinin, 24 ga Agusta, da hantsi

Na wanke masa kaya, na ɗinke aljihun wandon da ya yage. Saura kwana goma sha biyu.

Hamma ya kawo masa jaka sabuwa daga kasuwa, yana ta nuna mini zif ɗinta kamar wanda ya yi abin kirki. Na ce an gode. Me zan ce?

Laraba, 26 ga Agusta, bayan la'asar

Sun tafi su uku. Ni na zauna na tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa.

Falmata ta dawo tana son ba ni labari, na ce ai kina hutu. Ta ce hutun ya ƙare tun wancan satin. Na ce na ƙara miki.

Juma'a, 28 ga Agusta, da yamma

Ikon Allah, matar nan har gida ta biyo ni. Na ji sallama, na leƙo, sai ga Madam Hilda da zani da ɗankwali, ta tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa. Baƙo ba a kore shi, na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Na so ta nemi kujera in ce babu, ba ta nema ba.

Na ce mata duk abin da ke bakina. Na ce ku 'yan boko kun ɗauka duk abin da iyayenmu suka yi jahilci ne. Na ce ke kin taɓa gudu da 'ya'ya a bayan a-kori-kura ana harbi? Ta ce ba ta taɓa ba. Ta bar ni na yi ta yi har na gaji.

Sannan ta ce, "Na yi kuskure ranar nan da na bar idon kowa a kanki. Ki yafe mini." Ban zaci haka ba, sai na rasa inda zan sa sauran faɗan.

Ta ce, "Maman Falmata, ban zo raba ki da alkunyarki ba. Kafin ranar da kuka baro Bama, in kin kau da kai ya san kunyar ɗan fari ce, yana ma alfahari da ita. Tun ranar, in kin kau da kai wani abu dabam yake gani. Ke ba ki canza komai ba, shi ne ya daina gane ki."

Na ce to ya zan yi, in ɗauke shi in goya?

Ta ce a'a, in zo Laraba kawai. Ba za ta sa in kalle shi ba.

Ta sha ruwan ta tafi. Har yanzu haushinta nake ji, amma na rasa na mene ne.

Asabar, 29 ga Agusta, bayan asuba

Na gan shi.

Ga shi na rubuta. Na gan shi da farar rigarsa a kwanar makaranta, da ledar maganin kakansa a hannu, yana waige-waige yana nemanmu. Tsakaninmu bai fi daga nan zuwa famfo ba. Motar ba ta riga ta tashi ba. Na buɗe baki in kira shi, sunan ya ƙi fitowa. Wallahi ya ƙi. Harshena bai san hanyarsa ba. Sai na juya ina girgiza Falmata, "Kira yayanki, kira yayanki," ita kuma ta cusa kai cikin zanina tana kuka ba ta ji. Da na ɗago na yi ihu, "Kai! Kai yaro!" Kowa a titin nan ihu yake, wa zai san da shi ake? Direba ya ja.

Abin da ya gani ke nan, uwarsa ta gan shi ta juya baya.

Shekara guda ban gaya wa kowa ba. In na faɗa me za a ce? Wace irin uwa ce ana harbi tana alkunya? Ba alkunya na yi ba, ban ma tuna da ita ba. Bakin ne kawai ya yi abin da ya saba.

Litinin, 31 ga Agusta, da rana

Na gwada faɗa ni kaɗai a madafa, ba kowa a gidan. Na kai rabi na tsaya, ina waige kamar ɓarauniya. Mace mai shekara arba'in da ɗaya. Tir.

Laraba, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Na je.

Ta cika alkawari. Kujeru biyu ta juya baya da baya, ni ina kallon taga, shi yana kallon ƙofa. Ta fitar da Falmata da babansu baranda, ita kuma ta koma can lungu. Ta ce, "Ba kya ganinsa, ba ya ganinki, amma ba ni za ki gaya wa ba."

Ina jin zafin bayansa ta jikin kujera. Rabon da in kusance shi haka tun yana shan nono, kafin kakarsa ta ɗauke shi.

Na faɗa. Ban san yadda na faro ba, da tagar nake magana. Na faɗi rigar, na faɗi ledar, na faɗi yadda bakin ya ƙi. Na ce ban juya don in bar ka ba, na juya neman wanda zai kira ka ne. "Ka" na ce, ni da bakina. Na ce wata bakwai kullum sai na zuba abinci kwano huɗu, babanka na ce mini na yi yawa.

Can na ji kujerar na rawa, ban sani ba ko shi ne ko ni.

Ya ce, "Na ji, Dada."

Madam Hilda ta tambaye shi maganar Asabar. Ya ce an riga an yi magana da direba, kuma Kawu ya gaji da shi, gara ya tafi kowa ya huta.

Na ji! Na zazzage cikina kaf a gaban bare, abin da ko mijina ban gaya wa ba, sakamakon ke nan, na ji. Da za mu fito na ce wa Madam ina amfanin wahalar? Ta ce ba ta yi mini alkawarin zai zauna ba. To me kika yi mini alkawari? Kullum amsarta a shirye kamar ta haddace.

Alhamis, 3 ga Satumba, da yamma

Na gaya wa baban yara. Ya kashe rediyon. Sannan ya ce shi ma ai bai sauka daga motar ba. Ban taɓa tunanin shi ma yana da nasa ba.

Na ce to ka je ka ce wa Hamma ɗanka ba ya tafiya. Ya ce, "A gidan mutum, Rauda?" Kai, maza!

Juma'a, 4 ga Satumba

Na soya masa gyaɗa, na daka yaji. Gobe.

Asabar, 5 ga Satumba, bayan azahar



Da sassafe ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Dada, na tafi." Ina ciki, labule a tsakaninmu. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ya tsare. Na ji takunsa har zaure. Na zauna a bakin gado ina kallon inda labulen ke motsi.

Ban san lokacin da na ɗauki mayafi ba. Falmata ta ce ta raka ni, na ce zauna, yau ba aike.

Tudun Hatsi cike, manyan motoci a jere, 'yan dako na ta kai da kawo, ga 'yan sintiri na lalube mutane a bakin shiga. Na bi layi ina tambayar motar Cornelius. Na hango shi can saman buhunan wake yana jan igiyar tampol, bayansa gare ni. An riga an tayar da inji.

Na tsaya. Bakin ya fara halinsa. Na ce a raina yau ko ni ko kai.

Na kira. Muryar ta fito kamar ta tsohuwar akuya, amma ta fito. Wasu 'yan dako biyu 'yan Borno suka waigo, masu irin sunan ne. Shi bai waigo ba. Na sake, da ƙarfi, har mai shayi ya ajiye butarsa. Bai waigo ba. Na uku na yi shi da duk abin da ke ƙirjina, mayafina ya zame ban kula ba. Sai direban ya buga jikin motar ya ce, "Kai, wata mama na kiranka tun ɗazu, ba ka ji ne?"

Ya juyo. Ya sauko a hankali ta jikin ƙarfen, ya zo ya tsaya gabana yana kallona kamar bai san ni ba.

Ya ce, "Na ji ana kira. Ban san ke ba ce. Ban san yadda yake a bakinki ba."

Mutane sun taru suna kallo, ni ko kunyar ma na neme ta na rasa.

Ya ce, "Dada, ki sake."

Na sake, a gaban 'yan dako da mai shayi da kowa. Ya sa hannun riga ya rufe fuska, ƙato da shi. Cornelius ya duba agogo, ya dube mu, ya hau da kansa ya jefo jakar ƙasa. Ya ce, "Mama, ku je gida, zan samu wani mai taya ni aiki." Allah ya yi wa wannan bawan albarka.

Muka hau keke. Shi ya riƙe jakar, ni na riƙe ledar gyaɗar da ban san na karɓa ba.

Hamma na zaure da baƙinsa biyu, dattawan unguwa, ana shan fura. Ya gan mu, ya ga jakar, ya ajiye ludayi. Ya ce, "Rauda, mene ne haka?" Yaron ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yana jiran a ce masa koma.

Ban taɓa ɗaga murya a gaban Hamma ba tun da aka haife ni, yau ma ban ɗaga ba. Na gaishe da baƙin yadda ya kamata. Na ce, "Hamma, in za a fitar da shi a fitar da mu tare, ni na riga na bar shi sau ɗaya." Sannan na juya na dube shi ido cikin ido.

Na ce, "Abba Gana, wuce ciki, ba ka karya ba."